Ciwon Faifan Baya: Inda Gani Bai Kori Ji Ba

Idan ka taɓa fama da ciwon baya mai sauka ta ɗuwawu, ya bi bayan cinya har zuwa tafin ƙafa, da wuya a ce ba ka ji ɗaya daga cikin waɗannan maganganu ba. Wani zai ce maka, "Faifan bayanka ne ya goce, sai an yi aiki." Wani ya ce, "Zo in kai ka wajen mai ɗori, a take zai mayar maka da shi." Wani kuma ya ce, "Kwanta a ƙasa wata guda kada ka motsa, ga wannan haɗin ka riƙa sha safe da yamma." Maganar farko takan fito daga asibiti, ta biyu daga unguwa, ta uku daga kemis. Masu yin su ba sa ga maciji da juna, amma tushensu ɗaya ne: tunanin cewa wani abu a bayanka ya zame daga mazauninsa, kuma ba ka da lafiya sai an mayar da shi ko an yanke shi.

Wannan tunanin ne muke son mu tuhuma a yau, domin ɓarnarsa ta hanya biyu take zuwa. Yana sa mutum ya sayar da gona ya tafi Indiya ko Masar neman aikin da mai yiwuwa bai buƙata. Yana kuma sa wani ya zauna gida yana shan jiƙo, alhali yana cikin 'yan kaɗan ɗin da jinkirin kwana biyu kan iya lalata musu mafitsara har ƙarshen rayuwa.

Faifan ba ya gocewa

Mu fara da sunan, don daga nan matsalar ta faro. Ƙashin bayanka ƙasusuwa ne da aka jera ɗaya kan ɗaya, kuma a tsakaninsu akwai faifai 23 masu aikin matashin kai, suna shanye nauyi da girgiza. Kowane faifai yana da ɓawo mai tauri mai zobe-zobe kamar albasa, sai kuma ciki mai laushi kamar kamu mai kauri. Sama da ƙasan faifan a manne suke da ƙashi, manni mai ƙarfin gaske. Ba faranti ba ne da zai sulale gefe a tura shi ya koma.

Abin da ke faruwa shi ne, ɓawon yakan tsage, sai wani ɓangare na laushin ciki ya kutso waje ta wurin tsagewar. Idan ya kutso ta inda jijiyar laka take fita zuwa ƙafa, sai ya danne ta. Ba dannewar kaɗai ke kawo azaba ba. Abin da ya fito yana tayar da kumburi a jikin jijiyar, shi ya sa za ka ji zugi kamar wutar lantarki, ko kamar kiyashi na yawo a ƙafarka, ko wani sashe na ƙafar ya dushe. Wannan ciwon mai sauka ƙafa shi likitoci ke kira sayatika. Sama da kashi 90 cikin 100 na irin wannan tsagewa a gadon baya suna faruwa ne a faifai biyu na can ƙasa, waɗanda takardar hoto ke rubutawa L4-L5 da L5-S1, kuma an fi ganin ta tsakanin shekara 30 zuwa 50.

Ga wani abu da zai rage maka fargaba. Ita kanta lakar tana ƙarewa ne a wajen ƙashi na farko ko na biyu na gadon baya, wato sama da inda yawancin tsagewar ke faruwa. Daga nan zuwa ƙasa sai reshen jijiyoyi. Don haka tsoron da ake ba mutane cewa "kana motsawa za ka shanye gaba ɗaya" bai dace da yadda yawancin wannan ciwo yake ba.

Haka kuma zargin da ake ɗora wa aiki ya yi yawa. Gaskiya ne ɗaukar kaya a sunkuye, da doguwar tuƙi irin ta direbobin tirela, da shan taba suna ƙara haɗarin. Amma binciken da aka daɗe ana yi a kan tagwaye a ƙasar Finlan ya nuna cewa gado ya fi nauyin aiki tasiri wajen tsufan faifai. Ɗan dako da ma'aikacin ofis duk suna kamuwa.

Abin da hoton MRI yake gani

Tun 1934, lokacin da likitoci biyu a Boston ta Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka wallafa cewa tsagewar faifai na jawo sayatika kuma ana iya cire abin da ya fito ta hanyar tiyata, hankalin likitanci ya koma kan faifai. Da na'urar MRI ta zo, sai kowa ya iya ganin faifan da idonsa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. To a wannan ciwo, abin da kake ji a ƙafarka ya fi abin da aka gani a hoto nauyi, kuma ga dalili.

A 1994 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa wani bincike da aka ɗauki hoton MRI na mutum 98 waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan. Kashi 52 cikin 100 an ga faifansu ya kumbura a wuri ɗaya ko fiye. Kashi 27 an ga ya turo waje. Kashi 36 kacal ne duk faifansu yake lafiya lau. A 2015 wasu masu bincike suka haɗa nazari 33 da suka ƙunshi mutum 3,110 marasa ciwo. Sun samu cewa a cikin 'yan shekara 20, kashi 37 cikin 100 faifansu ya fara nuna alamar tsufa, a cikin 'yan shekara 80 kuwa kashi 96 ne. Kumburin faifai ya tashi daga kashi 30 a shekara 20 zuwa kashi 84 a shekara 80.

Ka ga kenan da za a tare mutane a kasuwar Kurmi a saka su cikin na'urar ɗaya bayan ɗaya, da yawansu za su fito da takarda mai ban tsoro, su kuwa ko a jikinsu. Yawancin abin da takardar ke lissafawa furfura ce ta cikin jiki.

Akwai ma abin da ya fi wannan. A 2013 masu bincike a ƙasar Holan sun sake ɗaukar hoton masu sayatika shekara guda bayan fara jinya. A cikin waɗanda suka warke, kashi 35 cikin 100 har lokacin ana ganin faifansu a tsage. A cikin waɗanda ba su warke ba, kashi 33 ne. Wato da za a ba ka hotunan ba tare da sunaye ba, ba za ka iya ware mai lafiya daga mai ciwo ba.

Wannan ba ya nufin hoton banza ne. Yana da amfani sosai idan ana shirin tiyata, ko idan akwai alamar haɗari. Abin da muke suka shi ne a tura mutum hoto a makon farko kafin a ɗaga ƙafarsa a miƙe a ga inda ciwon ke tashi, kafin a ce ya taka da dunduniya ya taka da kan yatsu, kafin a gwada ƙarfin babban yatsansa. Waɗannan gwaje-gwajen ba sa cin ko sisi, kuma su ne ke nuna wace jijiya ce ta taɓu. Hoton kuwa a wurare da yawa kuɗinsa ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta faɗa tun 2016 cewa kada a mayar da ɗaukar hoto al'ada ga duk mai ciwon baya ko sayatika, sai idan sakamakon zai canza maganin da za a ba shi. Shi kuwa hoton ƙashi na eksire ba ya ma nuna faifai, ƙashi kawai yake nunawa.

Wa ya mayar da faifan?

Yanzu mu juya ga mai ɗori da wanzami da mai sayar da maganin "basir da sanyin ƙashi da ciwon baya" a lasifika. Za ka ce, ai na san wanda aka yi wa ƙaho ko aka taka masa baya kuma ya warke. Ba mu musa ba. Tambayar ita ce, me ya warkar da shi?

Cikin faifai ba shi da jijiyoyin jini, don haka garkuwar jiki ba ta saba da shi ba. Da zarar ya fito waje, sai jiki ya ɗauke shi baƙo, ya turo ƙwayoyin garkuwa su riƙa cinye shi a hankali, shi kuma yana bushewa yana tsukewa. Wani nazari na 2015 da ya tattara binciken da aka bi marasa lafiya da hoto ya samu cewa, idan guntun ya ɓalle gaba ɗaya, kashi 96 cikin 100 yakan ragu da kansa. Idan ya fito sosai amma bai ɓalle ba, kashi 70. Idan ya ɗan turo ne, kashi 41. Idan kumburi ne kawai, kashi 13. Lura da abin mamaki a nan: wanda ya fi ban tsoro a hoto shi ya fi saurin bajewa.

Saboda haka yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12, ko an yi musu wani abu ko ba a yi ba. Mutum kuma yakan nemi taimako ne a ranar da ciwon ya kai ƙololuwa, wato daidai lokacin da zai fara sauka. Duk wanda ya taɓa shi a wannan mako, shi zai kwashi yabo. Ƙarar da kake ji idan an murɗa maka baya irin ƙarar da yatsunka ke yi ce idan ka ja su, daga ƙananan gaɓoɓi take fitowa. Babu hannun da zai kai ga faifai ta cikin fata da tsoka da ƙashi har ya cusa abin da ya fito ya koma.

Tausa da ruwan ɗumi suna iya sassauta tsokar da ta ɗaure, kuma wannan sauƙi ne na gaske ko da na ɗan lokaci ne. Amma tsaga da aska ɗaya ga mutane da yawa hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta, kuma taka baya da ƙarfi a kan ƙashin da tarin fuka ko kansa ya ci na iya karya shi.

Kwanciya, ɗamara da haɗin kemis

Shawarar "kwanta kada ka motsa" ta daɗe a bakin likitoci ma, har aka gwada ta. A 1999 aka raba masu sayatika 183 a Holan gida biyu: wasu suka kwanta mako biyu, wasu suka ci gaba da harkokinsu gwargwadon iko. Bayan mako 12, kashi 87 cikin 100 sun samu sauƙi a kowane ɓangare. Kwanciyar ba ta ƙara komai ba. Doguwar kwanciya kuwa tana raunana tsoka, tana kuma koya wa mutum tsoron motsi. Ɗamarar baya da jan ƙafa da nauyi su ma NICE ta ce kada a ba da su.

Batun ƙwayoyi ya fi damun mu. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen suna iya rage zafi, amma na ɗan lokaci ake shan su, a kan mafi ƙarancin adadin da zai yi aiki. Shan su wata da watanni, ko haɗa biyu a lokaci guda kamar yadda ake ƙulla wa mutane a leda, yana jawo gyambon ciki da zubar jini da lalacewar ƙoda, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga ko wanda ya manyanta. Idan a cikin ƙullin akwai dexamethasone ko prednisolone, mutum zai ji garau a kwanakin farko, amma daɗewa a kansu na kawo kumburin fuska, da hauhawar suga, da raunin ƙashi.

Pregabalin, wanda ake rubutawa da sunan "maganin jijiya", an gwada shi a Ostireliya a kan masu sayatika 209, aka wallafa sakamakon a 2017. Bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta rage ciwon ƙafa ba, sai dai ya fi ta kawo jiri. A 2020 NICE ta ce a daina ba da irinsa don sayatika. Tramadol kuwa ka san halin da muke ciki da shi. Binciken shan ƙwaya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan magungunan wannan aji ba bisa ƙa'ida ba. Ciwon da zai wuce cikin wata uku bai kamata ya bar ka da jarabar da za ta bi ka shekaru ba.

Allurar da ake yi a kusa da jijiyar a cikin ƙashin baya daban take da wadda ake yi a ɗuwawu a kemis. Takan rage ciwon ƙafa na 'yan makonni ga wasu, amma ba ta gyara faifan.

Me tiyata take saya maka?

Kada ka ɗauka muna gaba da tiyata. Tana aiki, sai dai ya kamata ka san abin da kake biya. A 2007 aka wallafa gwajin da aka yi a Holan a kan mutum 283 masu sayatika mai tsanani na mako 6 zuwa 12. Rabi aka yi musu aiki da wuri, rabi aka ci gaba da jinya tare da damar yin aikin idan abin ya ƙi. Waɗanda aka yi wa aiki da wuri ciwon ƙafarsu ya fi saurin tafiya. Amma bayan shekara guda, kashi 95 cikin 100 a kowane ɓangare sun ce sun warke. A cikin masu jira, kashi 39 daga baya an yi musu aikin, wato kusan 6 cikin 10 sun tsira ba tare da wuƙa ba. Tun 1983 wani likita a Nowe, Henrik Weber, ya ga irin wannan: tiyata ta yi gaba a shekarar farko, amma a shekara ta huɗu da ta goma bambancin ya dushe.

Tiyata kenan lokaci take saya maka. Shi ma lokacin ba ƙaramin abu ba ne, kuma a nan ne masu cewa "a yi haƙuri kawai" suke da nasu laifin. An yi waɗannan gwaje-gwaje ne a ƙasashen da ma'aikaci ke samun albashi yana hutun jinya. Manomin da ciwo ya kama a farkon damina, ko mai Adaidaita Sahu da ke biyan balas kullum, wata uku a wajensa abincin shekara ne. Bugu da ƙari, a babban gwajin Amurka na 2006 mai mutum 501, da yawa sun sauya ɓangare, waɗanda aka ce su jira suka yi aiki, waɗanda aka ce a yi musu suka fasa, abin da ya sa bambancin ya yi wuyar aunawa. Idan kuma ciwon ya daɗe, lissafin yakan canza: a wani gwaji na Kanada a 2020 a kan mutum 128 da suka yi wata 4 zuwa 12 suna fama, waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙin ciwon ƙafa bayan wata shida.

Abu biyu za ka riƙe. Aikin ya fi maganin ciwon ƙafa fiye da ciwon bayan kansa. Sannan aikin da aka saba yi ƙarami ne, ana cire guntun da ya danne jijiya kawai. Idan aka ce sai an saka maka ƙarfe da kusoshi saboda tsagewar faifai ɗaya, ka nemi a yi maka bayanin dalili, ka kuma ji ta bakin likita na biyu. Faifan na iya sake tsagewa a wuri ɗaya ko bayan aikin.

Alamomin da ba a jira da su

Duk abin da muka faɗa a kan haƙuri ya tsaya a nan. Jijiyoyin da ke ƙasan laka, waɗanda ake kira jelar doki saboda kamanninsu, su ke kula da fitsari da bayan gida da al'aura. Idan babban guntu ya danne su, awanni ake ƙirgawa. Ka tafi asibiti mai likitan ƙashi ko na laka a ranar, ko da tsakar dare ne, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ka sani ba, ko ka kasa riƙe bayan gida.

Tsakanin cinyoyi, da al'aura, da kewayen dubura sun dushe, har ba ka jin ruwa idan kana tsarki.

Ciwo ko rauni ya kama ƙafafu biyu, ko ƙafa tana ƙara mutuwa kullum, kana jan ta, silifa na faɗuwa ba ka ji ba.

Kunya tana kashe mutane a wannan gaɓar, musamman mata. Likita ba zai sani ba idan ba ka faɗa ba, wani kuma ba zai tambaya ba. Ka faɗa da bakinka.

Akwai kuma ciwon bayan da ba faifai ba ne sam. A ƙasarmu tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma yakan zo da rama, da zazzaɓin yamma, da gumin dare, wani lokaci da ƙusumbi. Dattijo mai ciwon baya da ke hana shi barci, ga matsalar fitsari, ya kamata a duba shi saboda kansar mafitsara ta maza kan bazu zuwa ƙashi, haka ma kansar mama ga mata. Mai sikila, da mai cutar HIV, da wanda ya faɗo ko ya yi hatsari, su ma ba sa cikin masu jira. A nan hoto wajibi ne. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato suna da sassan da ke duba irin wannan.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan

Ka huta kwana ɗaya ko biyu idan ciwon ya yi tsanani, sannan ka tashi. Ka fara da tafiyar minti biyar zuwa goma sau da yawa a rana, kana ƙarawa. Kada ka daɗe a zaune, musamman a kujera mai zurfi ko a kan babur. Idan za ka kwanta, gwada kwanciya ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Ka ɗaga wa ɗaukar buhu da jarka ƙafa na wasu makonni, idan ka koma kuma ka manna kayan da jikinka. Ka nemi likitan gashin ƙashi ya tsara maka motsa jiki; amfaninsa matsakaici ne, amma yana taimaka maka ka koma aiki ba da tsoro ba. Alamar samun sauƙi ita ce ciwon ya riƙa janyewa daga tafin ƙafa yana hawowa sama zuwa baya, ko da bayan ya ɗan ƙara ciwo.

Idan mako shida zuwa takwas suka wuce ƙafar ba ta sassauta ba, lokacin hoto da ganin likitan tiyata ya yi. Ka shiga da tambayoyinka a rubuce: Abin da aka gani a hoton ya dace da ƙafar da ke min ciwo da wurin da ya dushe? Me zai faru idan na ƙara jira wata biyu? Wane irin aiki ne, kuma ciwon ƙafa zai magance ko na baya? Wace alama zan gani in dawo da gaggawa? Likitan da ya san aikinsa zai amsa su duka ba tare da ɓacin rai ba.